'Yar Wasa a Ƙasar Hausa: Sana'a da Rayuwar Matan Farko na Daɓe da Fim

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne ga matan Hausawa. Tun kafin a san daɓe ko majigi, matan gidan sarauta suna yin wasan gauta, inda ɗaya za ta naɗa rawani ta zauna a matsayin sarki, sauran su zama waziri da galadima da alƙali, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa har mai hali ya gane kansa. Da azumi kuma 'yan mata kan bi gida gida suna tashe, kuma a wasan Mairama da Daudu yarinya ce ke sa riga da hula ta fito a miji. A Fagam da Gwaram da Birnin Kudu na jihar Jigawa, kamar sauran ƙasar Hausa, da irin wannan wasa yarinya ke tasowa, ba wanda ya taɓa ganin laifinta. Dalili kuwa shi ne wasan yana da lokacinsa, masu kallo sun san 'yar gidan wane ce, kuma da an watse ta koma sunanta. Matsala ta faro ne ranar da kwaikwayo ya fita daga tsakar gida, ya zama abin da mace za ta yi a gaban mazan da ba su san ta ba, a kuma biya ta.

Rubutaccen wasan kwaikwayo ya girma ne a makarantun boko, waɗanda yawancinsu na maza ne a lokacin. Littattafai irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, cike suke da mata masu baki da wayo da kishi, amma idan an zo hawa daɓe sau da yawa ɗalibi namiji ne ke ɗaura zani da ɗankwali ya siranta murya. Sinima kuma ta zo da nata tabon. Gidan sinima na Rex da aka buɗe a Kano a 1937 a wajen ganuwa yake, kuma tun daga farko mutanen birni suka haɗa zuwa sinima da mashaya da matan bariki. Idan macen da ta shiga kallo kawai ta rasa mutunci a idon jama'a, to ina ga wadda za a haska fuskarta a bango? Majigin gwamnati ne kaɗai ya tsira daga wannan zargi, domin a ƙofar fada ake kafa shi, kyauta, yana koyar da noma da tsafta, kuma ta hanyarsa ƙananan garuruwa suka fara ganin hoto mai motsi.

Rediyo ce ta fara buɗe wa mata ƙofa, saboda tana ɗaukar murya ta bar fuska. Bayan kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, sai aka sami matan da suka tashi daga makirufo suka tsaya gaban kyamara, a zamanin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi mai Samanja. Harira Kaciya na cikin waɗannan, kuma sunanta na cikin 'yan wasan Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk wanda ya san labarin ya san cewa nauyinsa a kan mace yake, wato uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta. A Kano ma, da NTA da kuma CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980 sun tara nasu matan, cikinsu har da Ladin Cima, wadda duniya ta fi sani da Tambaya. Mafi yawan matan wannan zubi ba da wasa kaɗai suke ci ba. Wasu ma'aikata ne, wasu zawarawa ne masu riƙe da 'ya'ya, wasan kuma abin yi ne na gefe, ladansa bai wuce kuɗin mota da na cefane ba.

Abin da ya fi damun rayuwarsu shi ne yadda mai kallo ya ƙi raba su da rawar da suka taka. Suna yakan bi ɗan wasa har kabari: Samanja, Karkuzu, Ibro. Haka ya bi Tambaya, ya bi Hauwa Ali Dodo da ake kira Biba Problem, da Amina Garba da ake kira Dumba, da Saratu Giɗaɗo da ake kira Daso. Amma kuɗin da mace ke biya ya fi na namiji nesa ba kusa ba. Namijin da ya fito a ɓarawo sai a ce ya iya wasa. Macen da ta fito a muguwar kishiya ko a karuwa sai a ce ai ba za ta iya ba in ba halinta ba ne, wato gwanintarta ce ke zama shaida a kanta.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a rayuwar Zalika Souley ta Jamhuriyar Nijar, wadda ake lissafawa cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta Yamma. An haife ta a Yamai a 1947, ta fara fitowa a 1966 a wani fim na Moustapha Alassane mai kwaikwayon finafinan kaboyi, tana da shekara 19. Daga nan ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo da kuma Le Wazzou polygame, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, mai magana a kan wani alhaji da ya ƙaro mata da masifar da kishi ya jawo a gidansa. Rawar da aka fi ba Zalika ita ce ta mace marar kunya ko mai mugun nufi, ta kuwa iya ta ƙwarai, har mutanen gari suka riƙa zaginta a kan abin da ba ita ta aikata ba. Ta wakilci ƙasarta a bukukuwan finafinai a ƙasashe da dama, amma da harkar fim ta durƙushe a Nijar a shekarun 1980 sai ta durƙushe tare da ita. Fim ɗin tarihin rayuwarta da Rahmatou Keïta ta yi, mai suna Al'lèèssi, ya nuna ta cikin talauci a Yamai tana fama da hidimar 'ya'ya, daga baya ma ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a watan Yuli na 2021. Yamai ba ƙasar Hausa tsantsa ba ce, amma duk 'yar wasan Kano ko Kaduna da ta ji wannan labari za ta ga nata a ciki.

Zuwan bidiyo ya sauya girman al'amarin. Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa Sangaya a 1999, fim ya koma na soyayya da waƙa da rawa, yana neman budurwa kyakkyawa a tsakiyarsa. A nan ne aure ya shigo ya zama alƙalin sana'ar. Al'adar da ta kafu ita ce mace ta yi fim kafin aure, ko tsakanin aure da aure, amma ban da lokacin da take ɗakin miji. Fati Muhammad, wadda ta fito a Zubaina cikin Sangaya, ta auri abokin aikinta Sani Mai Iska tana kan ganiyarta, ta bar fage. Balaraba Muhammad ta rasu a hatsarin mota a 2003, a hanyar kai ta gidan angonta Shu'aibu Lawan Kumurci a Kaduna. Shi ya sa tarihin aikin jarumar Hausa yake zuwa guntu guntu: shekara uku ko huɗu na tashe, sai shiru, sai a sake ganinta bayan wasu sun cike gurbin. Abokin wasanta namiji kuwa yana nan yana fitowa a saurayi shekara ashirin, da matansa a gida, ba mai tambayarsa.

An sha cewa 'yan fim ba sa zaman aure. Maganar na buƙatar adalci. Mutuwar aure ta yi yawa a ƙasar Hausa baki ɗaya, sai dai ta 'yar talakawa a unguwa take tsayawa, ta 'yar fim kuwa tana hawa bangon mujalla, musamman bayan fitowar Tauraruwa da kuma Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999. Akwai kuma dalilai na musamman. Wani mijin hoton da ya gani a akwatin talabijin ya aura, ba matar ba. Wani kuma bayan ya aure ta sai tsofaffin finafinanta su riƙa ci masa rai, dangi na zuga shi. Ita kuma ta saba da neman na kanta tana ɗaukar nauyin iyaye da ƙanne, ga shi an rufe wannan ƙofa ba a buɗe wata ba.

Dokoki ma a kansu suka fi sauka. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 an dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma muhawarar ta fi karkata ga suturar mace da rawarta da cuɗanyarta da maza. A 2007, sa'ad da wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar wasa ya bazu a wayoyi, masana'antar gaba ɗaya ta sha hukunci, matan cikinta kuma suka sha jifa da baƙar magana a kan abin da ba a fim aka yi shi ba.

Abin lura shi ne su wa ke kallon. Gidan kallo na maza ne, amma kaset cikin gida ya shiga. A gari irin Fagam, wanda yake cikin jihar Kano har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa, matan aure da ba sa fita su ne suka fi kowa sanin waɗannan finafinai, suna aron kaset gida gida, suna ganin kishi da zaman uwar miji da auren dole a bakin wata mace irinsu. Matan da ake ƙyamar a aura su ne suka riƙa faɗin damuwar matan da ke cikin auren.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun daɗe ne ta hanyar komawa iyaye. Fitowa a uwa ba ta da tashe kuma ba ta da kuɗi: fitowa biyu ko uku, a sallame ta a wajen ɗauka, shi ke nan, ko da kuwa a zamanin kaset 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano za su shekara suna sayar da fim ɗin. A watan Fabrairu na 2022 Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim yakan kasance naira dubu biyu zuwa dubu biyar. Wasu masu shirya fim sun musa, suka ce sun biya ta fiye da haka. Ko wanne ne daidai, gardamar ta tona cewa macen da ta ba wasa kusan dukkan rayuwarta ba ta da rubutacciyar yarjejeniya, ba ta da kaso a cinikin fim, ba ta da fansho daga sana'ar.

Wannan zubi yana ƙarewa. Hauwa Ali Dodo ta rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairu, 2010, Amina Garba ta bi ta a Nuwamban wannan shekara, Hauwa Maina a 2018, Zainab Booth a 2021, Saratu Giɗaɗo a 2024. Fim ɗin Shaihu Umar kansa sai da ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi a ma'ajiyar finafinai, a gyara shi a Jamus, a nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Faifai yana jiran a gano shi, mutum ba ya jira. Ya kamata masu nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana zuwa ga matan da suka rage, su ji daga bakinsu yadda suka shiga, da abin da aka biya su, da abin da iyayensu da mazajensu suka ce.