Malamin duba na cikin kwamfuta: sharhi a kan wani aikin ɗalibai

Daga cikin ƙananan ayyukan da ake ba masu koyon rubuta manhajar kwamfuta akwai wanda ya yi farin jini ƙwarai, wato a ce wa ɗalibi ya gina malamin duba. Aikin ba shi da wuya. Ɗalibi zai rubuta jimloli kamar ashirin ya jera su, sannan ya umurci na'ura ta tambayi mutum sunansa da abin da ke damunsa, ta yi canki-canka ta fiddo jimla guda. Layi goma sha biyar a harshen Python sun wadatar. Galibi ana kwaikwayon wani ƙwallon wasan yara ne na Amurka mai suna Magic 8 Ball, wanda ke ɗauke da amsoshi 20: goma na na'am, biyar na a'a, biyar kuma ba su nan ba su can. Wannan ne wasu ke miƙawa da sunan aikin basirar na'ura.

Sunan ya fi ƙarfin aikin. Manhajar ba ta karanta tambayar da aka yi mata. Ko an tambaye ta batun aure, ko an buga haruffan banza, daga buhu ɗaya za ta ɗebo amsa. Duk da haka, wanda ya zauna gabanta yakan fara da dariya, can sai ya yi shiru ya ce ai kuwa ta faɗi gaskiya. Wannan shirun shi ne darasin da ke cikin aikin, kuma shi ne ake tsallakewa.

A shekarar 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, daga baya ya ba kowa takardar da ya ce ta siffanta halinsa shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewarta daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ce aka raba wa kowa, kuma yawancin jimlolinta daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto su. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya bayyana ELIZA, manhajar da ke juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta gana da ita. Abin ya dame shi har ya rubuta littafi a 1976 yana jan kunnen abokan sana'arsa. A duka biyun, mai sauraro ne ke ƙera ma'anar, sannan ya yaba wa wanda ya ba shi kwanon da babu komi.

Saboda haka babban aibin aikin yana wurin gyara. Malamin kwamfuta yakan duba ko manhaja ta tashi ba tare da tuntuɓe ba, ya ba da maki, ba wanda ya waiwayi jimlolin, alhali a cikinsu dabarar take. "Akwai wanda kake yi wa alheri bai gode ba." "Tafiya na gabanka, amma da jinkiri." Wa zai ji waɗannan bai tuna da wani ba? Jimla ce mai faɗin riga, kowa ya saka sai ta zauna masa. Gane yadda ake ɗinka ta aikin malamin harshe ne, kuma wanda ya iya ɗinka ta da hannunsa zai yi wuyar ruɗuwa da ita a bakin ɗan damfara. Akwai ma wata riba ga wanda ya rubuta amsoshin da Hausa: Ingilishi na fakewa da wakilin suna ɗaya ga namiji da mace, Hausa kuwa dole a zaɓi "ka" ko "ki". Ke nan tilas manhajar ta san wani abu game da mai tambaya kafin ta buɗe baki, kuma a nan ne ɗalibi zai fara taɓa ainihin matsalar koya wa na'ura harshe.

Abin mamaki shi ne a je a aro ƙwallon wasa daga ƙetare, bayan ga bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ilimin ramli, sananne daga Damagaram har Tawa. Ta fuskar lissafi ya fi ƙwallon nesa ba kusa ba. Mai bugu yana zana layuka 16 na ɗigo a kan rairayi ba tare da ƙidaya ba, ya soke su bibbiyu, kowane layi ya bar ɗigo ɗaya ko biyu. Layi huɗu su ne siffa guda, don haka siffofi 16 kaɗai ke yiwuwa. Siffofi huɗun farko su ne uwaye, kuma a kansu sa'a ta ƙare. Sauran duka ƙa'ida ce ke haifar da su. Ana karanta uwaye a gicciye a sami ƴaƴa huɗu, a riƙa haɗa siffofi bibbiyu, iri ɗaya ya ba da ɗigo biyu, mabambanta su ba da ɗaya, har a kai ga shaidu biyu da alƙali. Shimfiɗa 65,536 ce ke iya fitowa, amma jimillar ɗigon alƙali kullum tana rabuwa biyu ba saura, shi ya sa siffofi 8 kawai ke iya hawa kujerarsa. In wata dabam ta fito, an yi kuskure a hanya. Ɗalibin da ya mayar da wannan manhaja ya koyi lissafin sifiri da ɗaya da kuma hanyar kama kuskure, abubuwan da kwamfuta ke tsaye a kansu. Robert Jaulin ya yi nazarin wannan tsari a Faransa tun 1966.

Ba za a rasa iyaye da malaman da za su ce wannan buɗe ƙofar bokanci ne ba, kuma damuwarsu tana da tushe, domin Musulunci ya hana zuwa wurin masu da'awar sanin gaibu. Sai dai Ibn Khaldun ya riga ya nuna wata hanya. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya yi dogon bayanin za'iraja, wani allo na da'irori da haruffa da ake sarrafa tambaya a cikinsa har amsa ta fito a baitin waƙa. Ya warware yadda take aiki dalla-dalla, sannan ya yanke hukunci cewa dacewar amsa da tambaya daga tsarin haruffa take, ba ta da alaƙa da gaibu. Ɗalibin da ya ga cikin tukunyar da idonsa ya fi wanda aka ce wa kada ya leƙa samun kariya.

Maganar ta ƙara nauyi tun daga ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ya fito. Irin waɗannan manhajoji sun yi wa jerin jimloli ashirin fintinkau, suna sarrafa tambayar da gaske, amma suna iya shirya amsa mai santsi a kan abin da ba shi da tushe, kuma kunnen da ke sauraronsu shi ne dai na ɗaliban Forer. Da malami zai ƙara sharaɗi guda a aikin, da ya wadatar: ɗalibi ya buga amsa ɗaya, ya raba wa ƴan ajinsu a ɓoye, kowa ya ba ta maki, sannan a karanta ta a fili a rubuta makin a allo.