Masu kai kwano gidan yari

Sannunku, masu hawa adaidaita daga Rijiyar Lemo da kwanon tuwo ɗaure a ɗankwali, ku nufi gidan yarin Goron Dutse ko na Kurmawa. Wata uwa ce, wata ƙanwa, wani abokin kasuwa da ya rufe rumfarsa a Sabon Gari. Tun 2019 aka koma cewa gidan gyaran hali, amma damuwar mai jiran shari'a ina ruwanta da sabon suna? An raine shi a kan namiji ba ya kuka, sai ya haɗiye, barci ya ƙaurace masa. Ku ke kwance masa baki. "Yaya, Inna na gaishe ka," in ji ƙanwar, ta miƙa sabulu da ƙuli-ƙuli. Sai ƙaton mutum ya juya baya yana share ido da hannun riga.