Wace Riga Jaruminka Ya Sa?

Daga cikin rubuce-rubucen da 'yan'uwa marubuta na ɓangaren Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suke kawowa a duba musu, akwai wani aibi da yake yawan maimaituwa, kuma ba a cika kula da shi ba. Marubuci zai ce labarinsa ya faru a zamanin Sardauna, ko ma kafin samun mulkin kai a 1960, amma sai ga saurayi ya fito cikin shadda mai ɗinkin kwamfuta, budurwa kuma ta zumbula hijabi har ƙasa. Wato dai an kwashi mutanen yau an kai su jiya, ba a ko canza musu kaya ba.

Abin da marubutan nan suka manta shi ne, tufafin Bahaushe ba su taɓa tsayawa wuri guda ba, kuma galibi samari ne suke ja gaba. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sojojinmu da suka je Bama sun dawo da kaki da gajeren wando da takalmi sau-ciki, yara suka gani suka yi sha'awa. Sai kuma 'yan cirani. Saurayi daga Roni ko Gwiwa, in an sayar da gyaɗa, zai tafi Kano ya yi rani. Can zai shiga silima, Rex ko Palace, ya kalli fim ɗin Indiya ko na kaboyi, ya ga yadda 'yan birni suke ɗinki. Kafin damina ya komo gida da jamfa ko kaftani, abin da ya fi babbar riga sauƙin kuɗi da sauƙin hawa keke. Masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 ta ƙara yawan yadi, tela mai keken ɗinki ya samu kasuwa, masaƙin gargajiya ya soma ganin ja da baya. Lokacin kuɗin Udoji kuwa, tsakanin 1974 da 1975, ai sai wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudun dunduniya da tara suma.

Haka abin yake wajen mata. Hijabin nan ɗinkakke bai yaɗu ba sai bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da bunƙasar makarantun Islamiyya, kuma 'yan mata da matasan matan aure ne suka fara rungumarsa, yayin da iyayensu suke nan da mayafinsu da kallabi. Saboda haka duk wanda ya sa wa budurwar 1955 hijabi, daidai yake da wanda ya sa ta ce ita 'yar Jihar Jigawa ce, alhali sai a 1991 aka ƙirƙiro jihar.

Amma wanda ya fi damuna shi ne aibi na biyu. In marubuci ya tuna da sauyin tufafi, to wa'azi yake so ya yi da shi. Mai wando da taguwar Turawa shi ne ɗan iskan labarin, mai babbar riga shi ne mutumin kirki, tun daga shafi na biyu mai karatu ya san ƙarshen kowa. Wannan lalaci ne, kuma ba gaskiya ba ne. Kaftanin da dattawa suke karewa yau da sunan al'ada, an yi lokacin da shi ne kayan yaran zamani. Ga labari nan kwance ba mai ɗauka: uba ya sayar da tunkiya ya ɗinka wa ɗansa babbar riga ta salla, ɗan kuma kunyar sa ta yake ji a gaban sa'o'insa, kuma kowannensu yana da hujja.

Binciken ma ba wuya gare shi ba. Tsofaffin teloli suna nan a kasuwannin Kazaure da Babura, sun san shekarar da kowane yayi ya shigo da sunan da aka laƙaba masa. Hotunan bikin iyayenmu suna rataye a ɗakuna. Kaka kuwa, in ka zauna da ita ka yi haƙuri, za ta buɗe maka adakarta ta faɗa maka wanda ya saya mata kowane zane, da nawa, da abin da kishiyarta ta ce ranar da ta ɗaura shi.