Mai gyaran da ba ya gaggawar yin fomatin

Ka kai wa gwanin mai gyara PS4 ɗinka da ta ƙi tashi, ba zai ɗauki sukundireba ba tukuna. Tambaya zai fara yi: "Yallaɓai, kana cikin buga gem aka ɗauke wuta, ko haka kawai ta mutu?" Ba surutu yake ba, bincike ne. In an ɗauke wuta na'urar tana tsakiyar adana wasa, galibi babu abin da ya ƙone, tsarin bayanan ciki ne ya rikice. Sai ya danne maɓallin kunnawa kimanin daƙiƙa 7 har ta yi ƙara ta biyu, ya jona pad da waya, ya umarce ta ta sake jera bayananta. Kafin ka gama shan ruwan leda ta tashi, ƙungiyar da ka yi wata da watanni kana ginawa a FIFA tana nan yadda ka bar ta.

A shafin da ya ba da wannan umarnin dai, can ƙasa, akwai wani zaɓin da ke share komai da komai. Ɗan koyo nan hannunsa yake fara zuwa, don ya fi sauri. Na'ura ta tashi kam, amma aikin mai ita ya tafi ke nan.

Gwani da kunne yake aiki. Ya ji fanka tana kururuwa, ya san ƙurar hunturu ta toshe hanyar iska, ko man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar ya bushe. Zafi ba ƙaramin abokin gaba ba ne: Xbox 360 da ta fito a 2005 ta yi ta mutuwa tana nuna jar wuta guda uku, har a 2007 kamfanin Microsoft ya ware sama da dala biliyan 1 don gyara, ya kuma mai da garanti shekara 3. Kwamfutar tebur da ke tsuwa ba ta nuna hoto, sai ya zare RAM ya goge bakinta ya mayar. Wadda kullum take mance kwanan wata kuwa, ɗan batiri ne mai kamar kwabo ya ƙare, ba sai an sayi sabuwa ba.

Inda na fi sara masa shi ne kwashe abin da aka adana zuwa wata na'urar. A zamanin PS2 abin da sauƙi, ka zare ɗan katinka mai megabait 8 ka sa a aljihu, ka tafi gidan aboki. PS4 tana yarda a kwafe wa filashi, muddin tsarinsa FAT32 ne ko exFAT, amma abin da aka kwafa a ɗaure yake da asusun mai shi, shi ya sa gwani yake tambayar ko kana tuna kalmar sirrinka tun kafin ya taɓa komai. PS5 ta 2020 ta ƙara tsanani: ba ta barin a kwafi ajiyar wasanninta ɗaya-ɗaya a filashi, sai dai a tura ta intanet da PlayStation Plus, ko a kwashe na'urar gaba ɗaya. A kwamfuta kuma wasanni da yawa a AppData suke ɓoye ajiyarsu, jakar da Windows ba ta ma nuna ta sai ka nema. Laftof ta mutu murus? Zai ciro had dis ɗinta, ya sa a gida na musamman, ya jona da wata kwamfutar, hotunan biki da takardun makaranta su fito.

Saboda haka in za ka bar na'urarka a shago, ka tambayi mai gyaran ina zai ajiye bayananka kafin ya fara. In ya ce ba komai, ai fomatin kawai zai yi, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.