Me alƙalin gasa yake aunawa? Sharhi kan ma'aunan rubutu da zayyana a gasannin SCA

1. Gabatarwa

A shekarar 1966 aka kafa ƙungiyar Society for Creative Anachronism (SCA) a garin Berkeley na Amurka. Ƴan ƙungiyar suna kwaikwayon rayuwar Turai ta kafin shekarar 1600, tun daga sutura da abinci har zuwa rubutun hannu mai zayyana. A gasanninsu akan duba hujjar da ɗan gasa ya kawo daga tsofaffin littattafai, da kusancin aikinsa da na asali, da wahalar aikin, da kuma tsabtar hannu. Ra'ayinmu a wannan takarda shi ne ma'aunin kusanci da ma'aunin tsabta suna karo da juna.

2. Inda ma'aunan suke karo

Idon alƙalin yau ya saba da ɗab'i, ya kuma gaji tarbiyyar Edward Johnston, wanda littafinsa na 1906 ya farfaɗo da wannan sana'a a Ingila. A wurinsa tsabta ita ce haruffa su zo daidai wa daida. Marubucin dā kuwa a kan fata yake aiki. In ya tarar da huda sai ya kewaye ta, tawadarsa kuma tana yin duhu tana kwaɗewa. Ko a littafin Kells, na wajen shekarar 800, akwai shafin da aka maimaita bisa kuskure, aka soke shi da jan alama. Ke nan wanda ya ɗauki fata da alƙalamin gashin tsuntsu zai ci makin kusanci, amma yana iya faɗuwa a tsabta. Mai alƙalamin ƙarfe da takarda mai santsi kuwa zai sha yabo a kan abin da ya nisanta shi da asali.

3. Matsalar harshe

A nan ne mai nazarin harshe yake da ta cewa. Salon rubutun Gotik a kan Latinanci ya ginu, tare da ɗimbin alamun taƙaita kalma. Idan aka zuba Ingilishin yau a cikinsa, ba taƙaitawa, ga yawan w da k da y waɗanda Latinanci bai cika amfani da su ba, sai saƙar shafin ta sake baki ɗaya. Alƙalin da bai lura da wannan ba hoto ya auna, bai karanta rubutu ba.

4. Kammalawa

Muna ba da shawara biyu. Ta farko, a auna tsabta da littafin da ɗan gasa ya ce shi yake koyi da shi. Wannan ba zai zama mafaka ga malalaci ba, domin sai ya nuna irin gargadar tasa a cikin littafin. Ta biyu, a ware wa harshe da ƙa'idar rubutu nasu makin. In ba a yi haka ba, gasar za ta ci gaba da hukunta wanda ya fi kowa bin sawun magabata.