3.2 Asali da Ma'anar Kalmar "Dojo"

A wannan sashe za a dubi kalmar Japananci "dojo", domin a nuna irin matsalar da mai fassara ke fuskanta idan kalma ta yi ƙaura daga addini zuwa wasa.

Kalmar harɗaɗɗiya ce: "do" na nufin hanya, "jo" kuwa wuri, wato wurin bin hanya. Asalinta daga ƙasar Sin ne. A can ne masu fassara littattafan addinin Buda suka yi amfani da ita a madadin kalmar Sanskirit "bodhimanda", wato gindin bishiyar da mabiya addinin suka yi imani Buda ya sami wayewa a ƙarƙashinta, a garin Bodh Gaya na Indiya. Tun kafin addinin ya shiga Japan ta Koriya a ƙarni na 6, ma'anar ta riga ta faɗaɗa a ƙasar Sin, ta haɗa da duk wurin da mabiya ke taruwa don ibada da horar da zuciya.

Daga baya aka riƙa kiran zaurukan koyon sara da takobi da wannan suna. A shekarar 1882 Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a wani ɗaki na gidan bautar Buda mai suna Eishoji a Tokyo. Ya kira wasansa "judo" maimakon "jujutsu", ya sauya "jutsu" (dabara) da "do", don a ganinsa tarbiyya ce manufa, ba kayar da abokin karawa kawai ba. Shigar judo gasar Olamfik a 1964 ta ƙara yaɗa kalmar a duniya.

Idan aka lura, fassara biyu da za su fara zuwa zuciya duk suna da rauni. "Ɗakin motsa jiki" ta zubar da ladabin wurin, kamar cire takalmi da rusunawa kafin shiga. "Wurin ibada" kuwa za ta ɓatar da mai karatu, domin mai zuwa koyon judo a yau ba bauta ta kai shi ba.

Saboda haka, wannan bincike na ganin "zauren horo" ta fi dacewa. A wurin Bahaushe zaure wurin ɗaukar karatu ne a gaban malami, horo kuma ya ƙunshi jiki da hali baki ɗaya.