Idan Kyamara Ta Ƙi Jan Fim: Nazari Kan Gyaran Masu Hoto a Salaga, Yendi da Bawku

Gwangwanin fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma kafin a ɗauki kowane sai an ja fim ɗin gaba. Da can babban yatsa ke wannan aiki. Daga baya kamfanoni suka ƙera ƙaramin inji mai aiki da batir wanda ake ɗaura wa kyamara a ƙasa ya riƙa ja da kansa. Nikon F ta 1959 tana da nata, Canon AE-1 ta 1976 ma haka, mai batir 4, yana jan hoto kamar 2 a daƙiƙa. MD-12 na Nikon kuwa batir 8 yake ci, ya ja sama da 3. Wanda ya taɓa ganin bikin Damba a Yendi ta arewacin Gana, a watan Maulidi, sarakunan Dagbon na nufar fadar Gbewaa bisa dawakai, ya san amfanin wannan sauri. Doki ba ya jiran yatsa.

Amma a zamanin fim, mai hoton zango ba ɗan jarida ba ne da kamfani ke saya wa fim. Suna, biki, saukar karatu da Sallah su ne gonarsa, kuma duk hoton da ya ɗauka sai ya sami mai saye. Ga nisan wurin wankin fim: daga Salaga zuwa Tamale kusan kilomita 120 ne, daga Yendi kusan 100, daga Bawku zuwa Bolgatanga kusan 80. Kafin ya ga abin da ya ɗauka, taro ya watse, amarya ta tare. Shi ya sa nake ganin tsarin binciken injin da ya tsaya ya cancanci nazari, domin hakkin mutane ne ke cikin gwangwanin.

Matakin farko, a ceto fim. Wanda ya san sana'a ba ya buɗe bayan kyamara a fili don ganin me ya faru. Sai ya shiga ɗaki mai duhu, ko ya cusa hannuwansa cikin baƙar jaka, ya danna maɓallin sakin fim, ya naɗe shi da hannu a hankali. Bayan nan ake maganar inji.

Daga nan kunne ke jagora. In an danna aka ji shiru, maganar wuta ce. In inji ya yi gurnani bai motsa ba, wani abu ya cije. In kuwa yana ta gudu babu tsayawa, to ko bakin fim bai kama ba, ko ramukan gefensa sun yage, ko haƙoran giya sun cinye. Akwai kuma shaidar ido: in fim na tafiya, ƙullin naɗewa na saman kyamara zai riƙa juyawa tare da shi. Injin da ake ɗaurawa ya fi sauƙin bincike, domin ana kwance shi a ja da yatsa. In kyamara ta ja lafiya, laifin na inji ne, ko na 'yan ƙarafan da ke haɗa wutar su biyu, waɗanda sau da yawa gogewa kawai suke buƙata.

Mafi yawan lokaci batir ne. Batir mai araha na tocila da rediyo, wanda ya cika kasuwannin yankin har zuwa Sinkase ta kan iyakar Togo da Burkina Faso, ba ya iya ba da wutar da inji ke zuƙa a lokaci guda. Sai ya ja fim rabi ya tsaya, kyamara ta kulle, ba ta ɗauka ba ta ja. A nan ake yin ɓarna mafi muni, mutum ya sa ƙarfi ya karya giya a kan abin da sabon batir zai warware. Batir da aka bari a ciki kuma yakan yi yoyo, zafi na ƙara masa sauri, ya bar farin gari da tsatsa a kan ƙarafan. A kankare, a goge, a bari ya bushe sarai.

Inda yanayin arewacin Gana ya fi shiga maganar shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan shiga ko'ina, ta gauraya da giris ɗin giya ta zama laka mai cin haƙora. Ƙwayar yashi ɗaya a bakin gwangwani ko a kan farantin da ke danne fim tana iya zana layi daga hoton farko har na ƙarshe. Akwai kuma wata cuta da ba a gani sai an wanke. Idan iska ta bushe ƙarau, fim da inji ya naɗe da sauri yakan tara irin wutar nan da ke ƙara a jikin riga, ta yi tartsatsi a cikin duhun kyamara, sai hoto ya fito da zane kamar rassan walƙiya a fuskar ango. Babu abin da ya lalace a inji, saurinsa ne bai dace da iskar ba, kuma maganin shi ne naɗewa da hannu sannu a hankali. Da Maris da Afrilu suka zo, zafin Bawku kan kai maki 40, giris ya narke ya gangara inda bai kamata ba, soson da ke toshe haske ya koma danƙo. Mai ɗiga man keken ɗinki don inji ya saki, ƙara tara wa kansa ƙura yake yi.

Ba ƙasƙanci ba ne mai hoto ya zama makanikin kayansa. Malick Sidibé na Bamako, wanda duniya ta san hotunansa, ya shafe shekaru yana gyara wa mutane kyamara a shagonsa. A garin da ba wakilin kamfani, mai gyaran agogo da mai gyaran rediyo su ne makusanta, ɗaya ya san giya, ɗaya ya san waya, injin jan fim kuwa yana buƙatar duka biyun.

Lamarin ya sauya da Konica FS-1 ta 1979, wadda aka gina inji a cikinta aka cire sandar ja. Canon T50 ta 1983 da Minolta 7000 ta 1985 suka bi sahu, sai ƙananan kyamarori na roba suka cika duniya. A ganina wannan ci gaba ne ga mai zama kusa da shagon kamfani, koma baya ga mai aiki a Salaga. Da can in inji ya mutu a tsakiyar biki sai a kwance shi a ci gaba da yatsa. A sabon tsarin kuwa, in ya mutu, aikin ranar ya mutu. Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, da Yashica FX-3, batir ɗinsu na auna haske ne kawai, suna ɗauka ko babu shi. Su ne suka dace da wannan ƙasa, kuma ba na shakkar faɗin haka.

Yau waya ta karɓe aikin, kayan gyaran tsofaffin injuna kuma sai dai a ciro daga matacciyar kyamara a sa wa mai rai. Da kamfanin Ricoh ya fito da sabuwar kyamarar fim, Pentax 17, a 2024, da sandar jan fim ta yatsa ya fito da ita, babu inji.